Kwabban Mai Fito

Har yau idan mutumin Yauri ya so ya nuna hannunsa ya bushe, sai ya ce ba shi da ko anini, ko kuwa ya ce ba a bar masa ko sisin kwabo ba. Yaran da ke jin wannan magana sun san abin da ake nufi sarai, amma da za a ajiye wa ɗayansu anini a tafin hannu, da wuya ya shaida shi. Watakila ma ya zaci wani ɗan ƙarfe ne ya faɗo daga jikin keke. Ko sojan da aka ce an ƙara masa anini a kafaɗa, ba lalle ne ya taɓa ganin ainihin abin da aka aro sunan daga gare shi ba.

Tsadar kaya ce ta kori kuɗin ƙarfe daga kasuwannin ƙasar nan. Na ƙarshe da Babban Bankin Nijeriya ya fitar su ne na ran 28 ga Fabrairu, 2007, watau kwabo 50, da naira 1, da naira 2. A doka kuɗi ne, amma wanda ya miƙa wa mai tallan ƙosai naira biyu ta ƙarfe a kasuwar Yelwa ko ta Wara, dariya kurum za ta yi masa, gama babu abin da ake sayarwa a kan wannan farashi. Ragowar da ke cikin gidaje kuwa kullum raguwa suke yi. Waɗansu yara sun yi wasa da su sun zubar, waɗansu an haɗa da tsofaffin tukwane an auna wa 'yan gwangwan a kilo. Kowane ɗaya da ya shiga wutar maƙera ya tafi da rubutun da ke jikinsa, kuma ba za a sake buga irinsa ba.

A Turai da Amurka akwai attajirai masu tara tsofaffin kuɗi, suna kashe dukiya mai yawa a kan sule guda. Wannan hanyar masu hannu da shuni ce. Akwai kuma ta talaka, wadda ba ta bukatar kome sai ido, da haƙuri, da iya karatu.

A Yelwa akwai wani mai fito, Bagunge, wanda aka haifa a wani gungu cikin Kwara tun ba a datse kogin ba. An fara aikin madatsar Kainji cikin 1964, aka gama cikin 1968, ruwa ya taso ya cinye gungunsu da gonakin albasarsu, aka kwashe mutane fiye da 40,000 daga bakin kogi aka kai su sababbin matsugunai. Shi yana yaro sa'an nan. Bai yi makarantar boko ba, sai da ya yi aure har da 'ya'ya kāna ya shiga ajin yaƙi da jahilci. Da ya fara haɗa baƙi, sai ya zama ba ya ganin rubutu ya wuce shi, ko a jikin mota, ko a buhun gishiri. Cikin wannan hali ne wata rana wani fasinja ya biya shi kuɗin fito da sabuwar naira ta ƙarfe. Ya juya ta, ya ga 1991, shekarar da aka cire Jihar Kebbi daga ta Sakkwato. A ɗaya gefen ga hoton wani dattijo mai gashin baki, da sunansa, Herbert Macaulay. Malamin ajinsu ya gaya masa mutumin Ikko ne, yana cikin waɗanda suka fara fafutukar neman 'yancin Nijeriya, ya kamu da ciwo a Kano wajen rangadin siyasa, ya rasu cikin 1946. Mai fito ya riƙe baki. Shekara da shekaru yana karɓar kuɗi yana ba da canji, bai taɓa sanin akwai magana a jikinsu ba.

Tun daga ran nan ya kafa wa kansa ƙa'ida. Kowace yamma in ya ɗaure jirgi, sai ya zazzage abin da ya samu a kan tabarma, ya duba su ɗaya ɗaya. In ya ga wanda ba shi da irinsa, ko ba shi da shekararsa, sai ya ware. Amma abin da zai ware a rana ba zai wuce kuɗin goro ɗaya ba, kuma ranar da cefane bai cika ba, ba a ware kome. Wannan sharaɗi na biyu shi ne ya sa uwargidansa ba ta taɓa tsanar abin ba, ko da yake ta sha yi masa ba'a.

Cikin 'yan watanni ya haɗa kuɗin naira na farko, waɗanda suka fito ran 1 ga Janairu, 1973, lokacin da aka bar fam da sule. Guda biyar ne: rabin kwabo mai hoton auduga, kwabo ɗaya mai hasumiyar haƙar man fetur, kwabo 5 mai koko, kwabo 10 mai itacen kwakwar manja, da kwabo 25 mai gyaɗa da dalar gyaɗa irin wadda a da ake tarawa a Kano. Da ya jera su sai ya lura da abin da mai saurin ba da canji ba ya gani. Na 1973 da 1974 da 1976, taken da ke ƙarƙashin tambarin ƙasa kalma biyu ne, haɗin kai da imani. Na 1987 zuwa gaba kuwa an ƙara zaman lafiya da ci gaba. Ya kuma gane cewa na 1991 suna manne wa mayen ƙarfe, na 1973 ba su manne wa, domin na bayan baƙin ƙarfe ne aka shafe shi da wani a sama, tun da darajar kuɗin ta faɗi har ƙarfe mai kyau ya fi ƙarfinsu. Ashe ko ba a gaya wa mutum labarin faɗuwar naira ba, mayen ƙarfen da aka ciro daga tsohuwar rediyo ya isa ya nuna masa.

Abin da canjin fasinja zai iya bayarwa ke nan. Waɗanda suka girme su sai an bi tsofaffi. Yana da wata gwaggo da ta fito daga gungu da adudunta a ka, ba ta kuwa yarda kowa ya buɗe shi. Ya daɗe yana lallashi kafin ta zaro wata igiya da aka shirya kwabbai masu huji a jikinta kamar tsakiya.

Ta ce, "Kai ɗan nan, me za ka yi da kuɗin da ko gishiri ba su saye?"

Ya ce, "Karatu zan yi da su, Gwaggo."

Ta ce, "To, kai ka karanta na jikinsu, ni in karanta maka na bayansu." Sai ta shiga faɗa masa wanda aka ba ta ran bikinta, da wanda ta samu a cinikin kifi na farko, da abin da kowanne ke saye a zamanin. Shi ya san shekara, ita ta san farashi. Duk ya rubuta a littafinsa, da irin rubutun ɗan koyo. Yanzu gwaggo ta riga mu gidan gaskiya, amma maganarta tana nan a takarda.

Waɗannan masu huji su ne suka fi cancanta a tsaya a kansu. Turawan Ingila sun fara buga wa ƙasar nan kwabo da anini cikin 1907. Anini goma ke yin kwabo, kwabo 12 sule, sule 20 fam, watau anini 2,400 ke nan a fam guda. An yi musu huji don a riƙa shirya su a igiya, gama mutane da yawa ba su da aljihu a lokacin. A gefe ɗaya akwai tauraro mai tsini shida, wanda ake kira hatimin Annabi Sulaimanu. A ɗaya gefen akwai kambin sarauta, da sunan Sarkin Ingila, da darajar kuɗin da Turanci da kuma haruffan Larabci, don malamai da almajirai su iya karantawa. Wanda ya san ushirin zakka zai gane kalmar da ke jikin anini nan da nan, domin cewa aka yi ɗaya bisa goma na kwabo. Aninin farko da sanholo aka yi shi, yana kuwa cikin kuɗin sanholo na farko a duniya, amma bai jure damina da gumi ba, sai cikin 1908 aka koma farin ƙarfe. Rabin kwabo ya biyo baya cikin 1911. Shi ne sisin kwabo, shi ne kuma ake kira ɗari, domin da wuri ɗari aka kimanta shi. Cikin 1952 aka mai da su duka na tagulla, saboda haka kwabo mai huji in ja ne, to, bai girmi wannan shekara ba.

Sabon mai karatu yakan yi tuntuɓe a sunan sarki, don yawancinsu da Latin aka rubuta, kuma a wannan rubutu harafin V yana zama a madadin U. GEORGIVS, watau Joji ke nan. Abin da ke bin sunan kuwa lamba ce irin ta Rumawa: V biyar, VI shida, VII bakwai, VIII takwas. Wanda ya riƙe waɗannan huɗu ya iya jera sarakunan da kansa: Edward na Bakwai, Joji na Biyar, Edward na Takwas, Joji na Shida, sa'an nan Sarauniya Elizabeth.

Na Edward na Takwas yana da labari. Ya hau gadon sarauta cikin Janairu 1936, ya sauka cikin Disamba na wannan shekara, saboda ya nace sai ya auri wata bazawara Ba'amurkiya, manyan ƙasarsa kuwa suka ƙi. A Ingila kanta ba a kai ga sakin kuɗi da hotonsa ba. Amma kuɗi masu huji ba su bukatar hoto, suna kurum ake sauyawa, don haka aka buga wa Afirka ta Yamma anini da ɗari da kwabo da sunansa, suka shiga kasuwa. Ga shi kuwa, abin da Bature bai taɓa karɓa a canji a birnin Landan ba, ya kwana a adudun wata tsohuwa a bakin Kwara. Kada dai a ɗauka yana da tsada, domin da yawa ƙwarai aka buga su. Akwai kuma kwabon kuskure, mai sunan Joji na Shida a gefe ɗaya da shekarar 1956 a ɗaya gefen, alhali sarkin ya mutu tun 1952. Ma'aikata ne suka haɗa tsohon hatimi da sabo. Jahili zai riƙe shi shekara hamsin bai ga kome ba. Mai ƙarfin ido kuma zai iya hango wani ɗan ƙaramin harafi, H ko KN, wanda ke nuna gidan da aka buga kuɗin a Birmingham.

Manyan kuɗin, taro da sisi da sule da dala, sun fara fitowa cikin 1913, bayan an kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma cikin 1912, wadda ta haɗa Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya a kan kuɗi ɗaya. Na farkon azurfa ne, shi ya sa samunsu ke da wuya, gama maƙeran farfaru sun mai da da yawa zobba da awarwaro. Daga 1920 aka koma ƙarfe mai ruwan ɗorawa. Ran 1 ga Yuli, 1959, Nijeriya ta sami kuɗinta na kanta: taro mai kusurwa 12 da hoton auduga, sisi da koko, sule da ganyen kwakwa, dala da gyaɗa. Da su Gungawa suka yi ƙaura, da su aka yi yaƙin basasa. Da naira ta zo aka mai da fam naira biyu, sule kwabo goma, amma bakin mutane bai saki tsofaffin sunaye ba, aka ci gaba da kiran kwabo 5 sisi, kwabo 10 sule, naira 200 kuma jaka, don ita ce fam 100 ta da.

A cikin wani kwalin ashana mai fito ya ajiye wuri guda bakwai da ya tsinta yana huɗa a wani kufai. Su ne asalin kalmar, domin a Hausar da guda ɗaya wuri ne, in sun yi yawa kuɗi. Daga tsibiran tekun Indiya ake kawo su. Da su ake ciniki lokacin da ayarin fataken goro ke ƙetare Kwara ta ƙasar Yauri zuwa Gwanja, da su kuma ake ciniki cikin 1830, sa'ad da Richard Lander da ƙanensa John suka yi makonni a Bin Yauri suna neman takardun Mungo Park, wanda ya halaka a Busa. Allurai da 'yan tarkace suka riƙa sayarwa su sami wurin da za su ci abinci. Shekara 21 bayan wannan, Barth ya tarar a Kano ana canjin liyari ɗaya a kan wuri 2,500. Liyari kuwa babban kuɗin azurfa ne mai hoton sarauniyar Ostiriya, Mariya Tarisa. A nan akwai tarko: kusan kowane liyari da za a gani 1780 ce a jikinsa, domin an ci gaba da buga shi da wannan shekara har cikin zamanin nan. Shekarar jikinsa ba ta nuna tsufansa.

Abu ɗaya ya daɗe yana damun mai fito. Ya duba kuɗin ƙarfen Nijeriya da ke hannunsa kaf, ga auduga, ga gyaɗa, ga koko, ga masara a kwabo 50, amma babu kifi, babu albasa, babu shinkafa, sai ka ce ba a san da mutanen kogi ba. Kifi sai a kuɗin sefa ya same shi, waɗanda 'yan kasuwar Nijar da Benin ke gangarowa da su daga wajen Gaya da Malanbil. Alamar bankinsu kifi ce mai dogon baki kamar zarto. Kifin teku ne, an kuwa ɗauko siffarsa daga ma'aunin zinariya na mutanen Asante da maƙwabtansu, can ƙasar da goro ke fitowa. Ƙasashe takwas ke cin wannan kuɗi, kuma sulallansu suna aiki a kasuwa. Hausawan Nijar da dala suke lissafi, tamma biyar dala ɗaya, saboda haka in sun ce dala ashirin, ɗari suke nufi. Wanda ke son farawa yau daga canjin aljihu na gaskiya, sefa ce ƙofarsa mafi sauƙi. Bayanta sai 'yan canjin da alhazai ke dawowa da su daga Makka, masu shekarar Hijira, da abin da ya maƙale a aljihun keken ɗinkin tela, da tiren 'yan koli. In mutum ya sami biyu iri ɗaya, ya yi musaya da wani. Tsinta a gona halal ce, amma haƙa a kufai ko tsohuwar ganuwa don neman kayan da, doka ta hana sai da izinin hukumar gidajen tarihi.

Ajiya tana da nata ladabi, musamman a bakin tafki inda laima ta yi yawa. Babban kuskuren sabon shiga shi ne son ƙyalli. Sai ya ɗauki toka, ko yashi, ko lemun tsami, ko ruwan batir, ya dirje kwabo har ya yi walƙiya, bai san ya kankare rubutun da ya sa aka ajiye shi ba. Ruwa da sabulu sun isa, a shanya ya bushe sarai, a naɗe kowanne a 'yar takardarsa, a riƙa kama shi ta gefe. Wanda ya fara koren tsatsa a raba shi da sauran. Na igiya ma gara a kwance su, don gugar juna tana cinye su. A kan kowace takarda a rubuta lamba, a littafi kuma a rubuta shekararsa, da inda aka same shi, da abin da mai shi ya faɗa a kansa. Babban Banki yana da gidan ajiye tsofaffin kuɗi a Abuja, sun fi na kowa kyau da cika, amma babu wanda zai faɗi abin da taro ke saye a kasuwar gungu kafin ruwa ya zo. Wannan sai littafi irin na mai fito.

Saura maganar 'yan damfara, ita kuwa ba ta wasa ba ce. Lokaci lokaci jita-jita takan tashi cewa kwabo mai huji, ko tsohon anini, yana ɗauke da wani sinadari da Turawa ke saye miliyoyi. Sai wani ya zo da babbar riga ya ga kwabon mutum ya yi salati, ya ce arziki ya zo, amma sai an ba da kuɗin gwaji, ko kuɗin motar kai shi wurin mai saye. An yi mutanen da suka sayar da akuya, har da masu jinginar da gona, a kan wannan. Babu wani sinadari a cikin kwabo, tagulla ce da farin ƙarfe. Yawancinsu an buga su miliyan bisa miliyan, kuma wanda ya sha hannu ya suɗe, ko a kasuwar masu tara kuɗi ta Turai abin da zai kawo kaɗan ne. Wani irin wannan baƙo ya taɓa zuwa wa mai fito. Ya saurare shi har ya gama, sa'an nan ya miƙa masa kwabo ɗaya ya ce, "Alhaji, karanta mini sunan sarkin da ke jiki tukuna." Baƙon ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya ce rana ta yi, zai dawo gobe.

Yanzu mai fito ya tsufa, 'ya'yansa ke jan jirgi da inji, fasinja kuma da takarda suke biya, waɗansu ma ta waya. Kwalayen ashanarsa suna cikin wata tsohuwar kwalla, an jera su bisa ga shekara, daga wuri har zuwa naira biyu mai launi biyu da hoton ginin Majalisar Tarayya. Ya rubuta wa kwali biyu suna tun da daɗewa, amma babu kome a ciki: ɗaya na sulen azurfa na 1913, ɗaya na aninin sanholo na 1907. An taɓa kawo masa sulen, aka yi masa kuɗin da ya kai na buhun gero. Ya duba shi da kyau, ya karanta shi gaba da baya, ya rubuta kamanninsa a littafi, ya mayar wa mai shi.